Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya: A Sanya Duba Ido Cikin Aikin Yau da Kullum na Asibitocin Arewa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiyar Jama'a na Kamaru,
Yawunde.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa daga Garwa a kan wani al'amari da bai cika samun wuri a jawaban hukuma ba, wato duba idon mutumin da bai riga ya makance ba. Ina roƙon ma'aikatarka ta mayar da gwajin ido wani ɓangare na aikin yau da kullum a cibiyoyin lafiya na yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, yadda duk wanda ya kai shekara 40, da duk mai ciwon suga, da duk yaron da ya shiga makaranta za a riƙa duba masa ido a kan ƙa'ida, ba tare da ya jira zuwan ayarin likitoci daga nesa ba. Na zaɓi in rubuta a fili kuma da Hausa domin maganar ta shafi mutanen kasuwa da tasha da ƙofar masallaci, kuma ina so su ji abin da ake nema da sunansu.

Adalci ya sa in fara da abin da aka riga aka yi, domin ba kaɗan ba ne. Dattawan da suka san kwarin kogin Vina da ƙauyukan wajen Tuboro suna iya tuna lokacin da ake samun magidanta da dama a gari guda suna bin sandar yaro saboda makantar da cizon baƙin ƙudan bakin rafi ke haddasawa. Tun daga 1987, shekarar da kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da maganin Mectizan kyauta, aka shiga raba shi a wannan yanki, kuma yau da wuya a ga matashin da wannan cuta ta makantar. A gundumar lafiya ta Kolofata, a 2008, an bi ƙauye ƙauye ana ɗiga wa mutane fiye da dubu ɗari maganin amosanin ido, kuma cikin shekara guda yawan yaran da ke ɗauke da cutar ya sauko daga kusan ɗaya cikin uku zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma. Ƙungiyoyi irin su Ophtalmo Sans Frontières, Sightsavers da Helen Keller International sun yi aiki tare da Shirin Ƙasa na Yaƙi da Makanta, an yi wa tsofaffi aikin gyara fatar ido mai juyar da gashi ciki, an cire yanar ido, an kuma riƙa ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A, wanda ke kare su daga dundumi da lalacewar ido bayan ƙyanda.

Sai dai duk waɗannan ayyuka siffarsu ɗaya ce: a zo, a raba magani ko a yi aiki, a tafi. Siffar ta dace da cututtukan da aka tsara ta dominsu, tunda shan magani sau ɗaya ko biyu a shekara yana isar mazaunin bakin rafi, aikin yana kuma sau ɗaya ake yi wa ido. Abin da ya biyo baya shi ne jama'a sun ɗauka cewa kula da ido wani abu ne da ke zuwa daga waje a mota, ana shelarsa a rediyo, kuma na waɗanda suka daina gani ne. Wanda ya taɓa shiga farfajiyar asibiti ranar irin wannan gangami ya san yadda take kasancewa: tsofaffi a kan tabarmi tun daren jiya, jikoki riƙe da sanduna da kwanonin abinci, ma'aikaci yana bin layi da tocila yana haska ido ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka ga fari a ƙwayar idonsu akan ware su gefe a yi musu aiki, kashegari a cire bandeji su ga fuskar 'ya'yansu, kuma su ne ake ɗauka a hoto. Akwai wasu kuma da za a haska a ga ƙwayar idon baƙa wuluk, babu yana, babu hakiya, amma ko hasken tocilar ba sa gani. Waɗannan akan gaya musu da taushin murya cewa jijiyar ta riga ta mutu, su yi haƙuri su koma gida. Da yawansu da an duba su shekara biyar ko goma kafin wannan rana, da da ƙafarsu za su ci gaba da zuwa kasuwa.

Cutar da ke yin wannan ɓarna ita ce gilakoma, wadda jama'a ke kira hawan jinin ido, ko da yake mutum yana iya kamuwa da ita alhali awon jininsa na hannu lafiya lau yake. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai da jiki ke samarwa kullum, yana kuma fita ta wasu ƙananan kafofi da ke gefen baƙin ido. Idan kafofin suka riƙa toshewa sannu a hankali, ruwan yakan taru, matsinsa ya ƙaru, ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. A yawancin masu lafiya matsin yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. Nau'in da ya fi yawa a cikinmu ba ya ciwo, ba ya sa ido ja, ba ya kawo kwantsa. Daga gefe yake fara cin gani, ya bar tsakiya sai a ƙarshe, kuma ido ɗaya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, shi ya sa mutum zai iya karanta lambar waya sarai alhali babban ɓangare na jijiyarsa ya riga ya tafi. Aikinta irin na gara ne a cikin azara, daga waje ɗaki yana tsaye, sai ranar da rufi ya rufto. Abin da ta cinye ba ya dawowa da magani ko da aiki, iyakar abin da likita ke iyawa shi ne ya tsayar da ita a inda ya same ta.

An ƙiyasta cewa mutum miliyan 76 ne ke da wannan cuta a duniya a 2020, kuma sananne ne a wurin likitoci cewa ta fi kama baƙar fata, ta fi kama su da wuri, ta kuma fi saurin makantar da su. Maƙwabciyarmu Najeriya ta yi binciken makanta na ƙasa baki ɗaya tsakanin 2005 da 2007, inda aka gano cewa kusan mutum biyar cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 40 suna da gilakoma, kuma fiye da tara cikin goma na masu ita ba su san suna da ita ba. A wannan bincike yanar ido ce ta zo ta farko wajen haddasa makanta, gilakoma ta biyu, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar da aka samu irin wadda ake iya kauce wa ce. Tsakanin Yola da Garwa kogin Binuwai ne guda, da dangi guda, da kasuwanni da auratayya, saboda haka ba na tsammanin idon mutum yana canza hali idan ya tsallako iyaka.

Ina da wani maƙwabci, tela ne mai aikin surfani a kan manyan riguna, mutum mai natsuwa wanda hannunsa ya yi suna a unguwarmu. Abin da iyalinsa suka fara lura da shi shi ne yakan bugi bakin ƙofa da kafaɗa idan zai shiga zaure, kuma idan yaro ya tsaya a gefensa da kwanon abinci ba ya sanin yana nan sai ya yi magana. Aka riƙa yi masa tsiya cewa tunanin kuɗin masu riguna ne ya yi masa yawa. Shi kuwa bai damu ba, tunda har lokacin yana zura zare a allura. Ya sayi tabarau a faranti a kasuwa, ya gwada su a kan takardar da mai sayarwa ya miƙo masa, ya ga rubutu ya fito, ya biya. Sai da babur ya zo ta hannun hagunsa ya kaɗe shi a kan titi, ya kuma rantse cewa bai ga komai ba, sannan 'ya'yansa suka kai shi wurin masu duba ido, inda aka ce idon hagu ya tafi, na dama kuma saura ɗan abin da za a yi ƙoƙarin riƙewa. Abin da ya fi damuna a labarinsa shi ne wannan mutum ba mai gudun asibiti ba ne. A cikin shekarun da cutar ke cin idonsa ya sha zuwa cibiyar lafiya saboda zazzaɓin cizon sauro da ciwon baya, an ɗora shi a sikeli, an ɗaura masa abin awon jini, an rubuta komai a ɗan littafinsa na asibiti, amma babu wanda ya taɓa cewa ya rufe ido ɗaya ya dubi bango. Bayan an gano cutar ma ba a ce ya turo ƙannensa da manyan 'ya'yansa ba, alhali kuwa tana bin jini, kuma ɗan'uwan mai ita ya fi kowa kusa da ita.

Ban ga laifin ma'aikacin jinyar da ya karɓe shi ba, domin ba a ba shi kayan aikin ba, ba a kuma sanya ido cikin abin da ake tambayarsa a rahoton ƙarshen wata ba. A nan ne ma'aikatarka take da iko, ranka ya daɗe. Gwajin farko ba ya buƙatar na'ura mai tsada ko wutar lantarki. Allo ne mai alamar da ke da ƙafa uku, wadda ke fuskantar sama ko ƙasa ko dama ko hagu, a rataye shi a bango mai haske, mutum ya tsaya nesa da shi mita shida, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun suka dosa. Wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya yin sa, kuma ba ya buƙatar tafinta tsakanin Bafulatani da Bahaushe da Batufuri. Idan gani ya kasa, sai a ba shi wani ɗan faifai mai ƙaramin huji ya leƙa ta ciki: in gani ya gyaru, alama ce cewa tabarau yake buƙata, in kuma bai gyaru ba, akwai cuta a ciki wadda ta wajaba a tura shi gaba. Ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da littafin horar da ma'aikatan ƙananan cibiyoyi a kan wannan aiki tun 2018. Abin da ya rage shi ne umarni daga Yawunde cewa a rataye allon a kowace cibiya, a horar da ma'aikaci, a kuma ware wa awon gani gurbi a littafin majinyaci kusa da na awon jini.

Ba zan ɓoye ba cewa allon bango shi kaɗai ba ya kama gilakoma, tunda tsakiyar gani ce yake aunawa, ita kuwa tsakiya a ƙarshe take cin ta. Hatta awon matsin ido shi kaɗai yana kuskure, domin akwai masu cutar da matsinsu bai wuce 21 ba. Dole sai wanda ya ƙware ya leƙa cikin ido da fitilar likita ya ga kan jijiyar da kansa, ya ga ko ramin da ke tsakiyarta ya faɗaɗa. Saboda haka nake roƙon a tabbatar kowane asibitin gunduma yana da ma'aikacin jinya da ya karanci ido, da na'urar awon matsi, da fitilar duba jijiya, da kuma rana sananniya a mako wadda mutanen Gidar ko Kaele ko Mokolo ko Tibati za su san cewa idan sun zo za su same shi a kujerarsa. Ƙa'idar da za a sanar wa jama'a kuma ta zama mai sauƙin riƙewa: daga shekara 40 a duba ido aƙalla sau ɗaya a shekara biyu ko da babu ciwo, wanda kuma yake da uwa ko uba ko ɗan'uwan da ya makance ba tare da an ga fari a idonsa ba ya zo kowace shekara, ya kuma fara tun kafin ya kai 40.

Masu ciwon suga su ne suka fi sauƙin samu, domin suna hannun asibiti tun tuni. Suga idan ya daɗe a jini yakan lalata ƙananan hanyoyin jini da ke shimfiɗe a bayan ido, su riƙa tsattsafo da ruwa da jini, daga baya wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro su fashe, mutum ya wayi gari yana ganin duhu. Shi ma ba ya ciwo. Ƙa'idar likitoci ita ce a duba bayan idon babban mutum tun lokacin da aka gano yana da suga, bayan an ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, sannan a maimaita kowace shekara. Mutumin da ke zuwa a kai a kai karɓar magani, ana huda masa yatsa ana rubuta lamba, bai kamata ya shekara biyar a wannan layi ba tare da an duba masa ido ba. Yanzu akwai ƙananan na'urorin ɗaukar hoton bayan ido waɗanda ma'aikacin jinya zai iya riƙewa a hannu, ya tura hoton ta waya ga likitan da ke Garwa ko Marwa ko Ngaundare. Guda ɗaya a kowane ɗakin masu suga zai canza abubuwa da yawa.

Na yi shekaru ina koyarwa a firamare kafin in yi ritaya, kuma duk malami ya san yaron da ke runtse ido yana kallon allo, ko mai kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi, ko mai manna hanci a takarda. A ajin da ya cika maƙil, wanda ke zaune a baya kuma ba ya ganin alli sai a ɗauke shi daƙiƙi, ya maimaita aji, a ƙarshe uban ya ce karatun ba rabonsa ba ne ya mayar da shi kiwo ko kasuwa. Gwajin allon bango abu ne da malami zai koya a yini guda, ya yi wa ajinsa a makon farko na Satumba, ya tura waɗanda suka kasa zuwa asibiti. Wannan yana buƙatar ma'aikatarka ta zauna da ta ilimin firamare, kuma ina roƙon kada a manta da makarantun allo, inda yara ke karatu da asuba da dare a hasken da bai isa ba. Akwai dalilin gaggawa a wajen ƙanana: idan ido ɗaya ya karkace ko ya fi ɗayan rauni, ƙwaƙwalwar yaro takan daina amfani da shi, kuma idan aka wuce shekara bakwai ko takwas ba a gyara ba, gyaran yakan yi wuya ƙwarai. Haka nan ya kamata ungozoma da mai yin rigakafi su san cewa farin ɗigo a ƙwayar idon jariri ba abin jira ba ne, domin yana iya zama yanar haihuwa, yana kuma iya zama ciwon daji na ido wanda ke kisa.

Akwai wata ɓarna da ake yi a fili wadda ta shafi aikin sufetocin magani. A lokacin hunturu da bazara, sa'ad da ƙura ta rufe gari, yara da yawa suna fama da ƙaiƙayin ido, farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, su yi ta murza. Uwa sai ta je wurin mai teburin magani a bakin titi, ya ba ta ɗan kwalbar ɗigo mai sinadarin dexamethasone ko makamancinsa. Gaskiya ne ƙaiƙayin yana kwantawa nan da nan, shi ya sa take komawa ta sake saye, wata bayan wata. Abin da ba a gaya mata ba shi ne irin wannan magani idan aka daɗe ana ɗiga shi yana ɗaga matsin ido, yana kawo yana, wato da kuɗinta take sayo wa ɗanta gilakoma. Idan kuma manomi ne ganyen dawa ko ƙaiƙayin gero ya karce masa baƙin ido lokacin girbi, ya ɗiga wannan magani a kan miki, mikin yakan faɗaɗa har ido ya fashe. A kan wannan sai a ƙara abin da ake zubawa a gida idan Apolo ta shigo gari, daga ruwan ganye zuwa ruwan batir, da masu yawo ƙauyuka suna tura yana cikin ido da tsinin ƙarfe, aikin da binciken Najeriya ya nuna yawancin waɗanda aka yi wa ba sa samun gani mai amfani. Hana sayar da ɗigon ido mai wannan sinadari ba tare da takardar likita ba abu ne da ya dace a tsananta, amma kamu da tara ba za su wadatar ba matuƙar uwar ba ta da wata ƙofa kusa da za ta kai yaron.

Batun tabaraun karatu kuwa kada a raina shi. Daga wajen shekara 40 idon kowa yana fara kasa ganin abu na kusa, shi ya sa za a ga malami yana nisanta Alƙur'ani daga fuskarsa, mai ɗinkin hula tana kiran jika ya zura mata zare, mai gyaran waya yana neman hasken rana. Wani gwaji da aka wallafa a 2018 a kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta ƙasar Indiya ya nuna cewa ba su tabaraun karatu ya ƙara yawan abin da suke tsinka da fiye da kashi 20 cikin ɗari. Ni a ganina tabarau ne ma zai jawo mutane su zo a duba su, domin shi ne buƙatar da suke ji a jikinsu a daidai shekarun da gilakoma ke farawa. Idan ana samun sa da araha a cibiyar lafiya, bayan an duba ido, to mai neman abin karatu zai fita da sanin halin jijiyarsa. Idan kuwa a faranti kawai ake samun sa, zai ga rubutu ya fito ya tafi gida hankali kwance, kamar yadda ya faru da maƙwabcina.

Gano cuta ba tare da tanadin magani ba wahalar da mutane ne kawai, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi nauyi. Mai gilakoma zai ɗiga magani kullum har ƙarshen rayuwarsa, maganin kuma ba ya ƙara masa gani, yana hana raguwa ne kawai, saboda haka idan kwalba ta ƙare kuma aljihu babu, ita ce abu na farko da yake bari. Gwamnati ta riga ta nuna cewa tana iya ɗaukar nauyin cuta mai tsawo. Tsarin kula da lafiyar kowa da aka ƙaddamar a Manju a Afrilun 2023 ya mayar da kuɗin wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara, kuma a nan Arewa mun ga yadda takardar lafiya ta sefa 6,000 ta sa mata masu juna biyu zuwa awo. Ina roƙon a mataki na gaba a sanya gwajin ido na shekara, da maganin rage matsin ido irin su timolol, da aikin yana cikin abin da tsarin ke biya, a kuma tabbatar maganin yana nan a farmasin asibitin gunduma. Likita ne ya kamata ya zaɓa wa kowa nasa, tunda timolol bai dace da mai asma ba. Ya kuma dace a riƙa bayyana wa majinyata tun kafin azumi cewa ana iya tsara ɗigon ya faɗo lokacin sahur da bayan shan ruwa, domin akwai masu ajiye kwalbar wata guda cur saboda tsoron karya azumi.

Ga wanda magani bai riƙe ba, sai aikin tiyata ko na hasken leza. Cibiyar ido ta Magrabi da aka buɗe kusa da Yawunde a 2017 abin alfahari ce ga ƙasa, amma tsoho daga Kusuri ko Yagwa sai ya ratsa Marwa da Garwa a mota zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa, tare da ɗan rakiya da kuɗin masauki, sannan a ce ya dawo bayan wata uku. Kaɗan ne ke iya wannan. Tunda yanzu akwai tsangayar koyon likitanci a Garwa, ya dace a yi amfani da ita wajen horar da ma'aikatan jinyar ido da masu auna tabarau daga cikin 'ya'yan yankin, a kuma ƙarfafa sassan ido na asibitocin yankuna uku da kayan aikin da za su rage tura mutane kudu.

Na san za a ce kuɗi ba su isa ba, likitocin ido kaɗan ne, kuma akwai zazzaɓin cizon sauro da kwalara da tamowa da ke kisa a yau. Hujja ce mai nauyi, ba na musun ta. Amma a lissafa abin da makaho ɗaya ke ci wa gida: gonar auduga ko ta masakwa da ta rasa mai ita, da yaron da aka cire daga makaranta ya zama ɗan jagora, da matar da ta bar sana'arta ta koma jinya. Rashin tsaron da ya addabi Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari tun 2014 ya kuma nuna cewa akwai lokacin da baƙon likita ba ya iya zuwa, sai ma'aikacin da ke zaune a garin ne kaɗai ke nan. Ban da haka, a taron Majalisar Lafiya ta Duniya na 2021 ƙasashe sun amince cewa kafin 2030 za su ƙara maki 40 cikin ɗari a yawan masu samun tabaraun da ya dace da su, da maki 30 a yawan masu samun aikin yana mai kyau. Ba na ganin hanyar kaiwa ga wannan adadi ta gangamin da ke zuwa jefi-jefi.

Saura direbobi da masu kabu-kabun babur da muke kira kilando, waɗanda rayukan wasu ke hannunsu. Mai ganin tsakiya kawai yana iya karanta allo ya ci gwaji, amma ba zai ga yaron da ya fito daga lungu ba, saboda haka ya kamata takardar likita da ke rakiyar izinin tuƙi ta ƙunshi duban ido na gaske, har da ganin gefe, musamman ga masu manyan motoci da na fasinja a hanyar Ngaundare zuwa Kusuri. Wajen isar da saƙo kuwa, lamiɓe (wato sarakunanmu) da lawanai da limamai da shugabannin coci sun riga sun taimaka a rigakafin shan inna, kuma za su taimaka a wannan idan an ba su magana gajera da za su faɗa da wurin da za su ce a je. Ranar Gani ta Duniya tana faɗowa Alhamis ta biyu a watan Oktoba. Ina roƙon ta bana ko ta baɗi ta zama ranar da wakilan ma'aikatarka na yankuna uku za su karanta a rediyo, da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa da sauran harsunanmu, sunayen asibitocin da ake duba ido, da ranar makon da ake yi, da kuɗin da za a biya.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Garwa, Yankin Arewa.